Saƙo a Nan, Kalanda a Can: Kwamfutocina Biyu Sun Ƙi Jituwa

Assalamu alaikum Malam. Ina aikin fassara da gyaran rubutu, kuma kusan duk hulɗata da masu ba ni aiki ta imel ce. Kwamfuta biyu gare ni: ta tebur wadda nake yini a kanta, da laftof da nake fita da ita. Ƙanena ne ya sa mini manhajar imel ta Outlook a kan duka biyun, shekarun baya. Wani saƙon sai in same shi a nan, wani a can, wanda na aika daga ɗaya kuwa ba na taɓa ganinsa a ɗayar. Sai ya koya mini in riƙa kwafe wani fayil da sunansa ke ƙarewa da .pst, inda Outlook ke ajiye wasiƙu da kalanda, a filashi ina kai wa ɗayar. Makon jiya na ruɗe, na ɗora tsohon a kan sabon, wasiƙun kwana goma suka tafi. A ciki har da ranar ganawa da mutumin da ya fi kowa ba ni aiki, wadda na rubuta a kalandar laftof. Ya jira ni har ya gaji. 'Yan bayanan da nake rubuta wa kaina ma haka suke a warwatse. Maigidana ya ce sakacina ne, ni ma na fara yarda. Yaya zan yi?

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Akwai abin gaggawa guda, bari mu fara da shi, bayani ya biyo baya.

Kada ki sake buɗe Outlook a ko wace kwamfuta tukuna. Buɗe burauza, ki shiga akwatin imel ɗinki kai tsaye ta shafin kamfanin da ke riƙe miki da adireshin. Yadda kika kwatanta lamarin, wani saƙon a nan wani a can, ya nuna da tsarin POP, mai sauke wasiƙu zuwa kwamfuta, aka haɗa miki asusun. Outlook na shekarun nan, idan ba a taɓa saitinsa ba, yakan bar kwafin kowane saƙo a sabar, wato babbar kwamfutar kamfanin imel ɗin, har kwana 14 kafin ya goge shi. Kin ce makon jiya abin ya faru, to akwai kyakkyawan zaton wasu daga cikin wasiƙun da suka shigo miki a waɗannan kwanaki goma suna nan zaune, amma duk lokacin da aka buɗe Outlook zai goge waɗanda kwanakinsu suka cika. Idan kin same su, buɗe sabuwar folda a can cikin shafin, ki kwashe su duka ki zuba a ciki. POP babban akwatin shigowar saƙo kaɗai yake gani, duk abin da kika matsar zuwa wata folda ya fi ƙarfin hannunsa.

Wasiƙun da ke kanki kika aika kuwa, ba zan yi miki alkawarin da ba zai cika ba. POP ba ya ajiye su a sabar. Suna cikin fayil ɗin nan da aka danne, kuma fayil ɗin da aka ɗora wa wani a kai ba ya zuwa kwandon shara. Danna masa maɓallin dama na linzami, ki duba ko Windows ta ajiye tsofaffin sigoginsa. Sai dai galibi tana yin haka ne idan dama an kunna mata ajiyar tarihin fayil. Idan babu, duba amsoshin da mutane suka maido miki, domin yawancinsu suna ɗauke da rubutunki a ƙasa. Abin da ya rage kuma ki roƙi waɗanda kika aika wa su turo miki da kwafi. Ba abin kunya ba ne, kowa da ke aiki da imel ya taɓa neman irin wannan alfarmar.

Yanzu maganar sakaci. Ban yarda ba. An ɗora miki tsarin da ke buƙatar ki tuna, kowace rana ta Allah, wace kwamfuta kika taɓa a ƙarshe, sannan ki bambance fayil biyu masu suna iri ɗaya sak, kuma kuskure guda ya isa ya shafe aikin kwanaki. Kin yi shekaru kina riƙe da wannan ba tare da kin yi ɓari ba, wannan ai shaidar kula ce. Ƙanenki ma kada ki ga laifinsa. Abin da ya sani ya yi miki, kuma akwai zamanin da hakan shi ne daidai.

An tsara POP tun 1984, sigarsa ta uku da ake amfani da ita har yau ta fito a 1988, lokacin da mutum kwamfuta ɗaya yake da ita idan ma yana da ita, wurin ajiya a sabar kuma ɗan kaɗan ne. Aikinsa kamar na mai zuwa gidan waya ne: ya buɗe akwati, ya kwaso wasiƙu, ya kawo gida. Daga nan duk abin da ya faru da su, an karanta ne, an amsa ne, an jera su a folda ne, gidan nan kaɗai ya sani. Ke kuma gida biyu kike da su, kowanne yana aika ɗan aikensa. Ba a sarki biyu a gari ɗaya, amma kwamfutocinki kowace ta ɗauki kanta ita ce mai riƙe da asalin wasiƙunki, filashin kuma shi kika sa ya zama mai sasanta su.

Maganin shi ne a ƙwace sarautar daga hannun duka biyun a mayar da ita sabar. Tsarin da ke yin haka sunansa IMAP, wanda Mark Crispin ya ƙirƙira a 1986 a Jami'ar Stanford ta Amurka. A nan wasiƙu ba sa barin sabar. Kowace kwamfuta leƙawa take yi, ta ajiye kwafi a wurinta don ki iya karatu ko babu intanet, amma asalin yana wuri ɗaya. Kin karanta saƙo a laftof, ta tebur za ta nuna an karanta. Kin aika daga ta tebur, za ki gan shi a foldar aikakkun saƙonni a laftof, har ma a wayarki. Kusan duk mai ba da adireshin imel a yau yana da IMAP, kuma ba sai kin canza adireshinki ba.

Ƙaurar zuwa IMAP ita ce wurin da ake yin asara, don haka ki ware mata yini guda da ba ki da aikin gaggawa. Tun Outlook yana rufe, ki kwafe fayil ɗin .pst na kowace kwamfuta zuwa wani faifan ajiya na waje, ki sa wa kowanne sunan da ba za ki ruɗe ba: na tebur da kwanan wata, na laftof da kwanan wata. Waɗannan biyun ba za ki ƙara taɓa su ba, su ne madogararki idan wani abu ya karkace. Outlook ba ya juya asusun POP ya koma IMAP, sai dai a kafa sabo, kuma ya fi tsafta ki buɗe sabon furofayil na Outlook gaba ɗaya ki kafa shi a ciki. Sau da yawa da kin rubuta adireshi da kalmar sirri zai nemo sauran da kansa, amma ki tabbatar IMAP ya zaɓa. Idan ya tambaye ki lambobi, ƙofar karɓar saƙo 993 ce, ta aikawa kuma 465 ko 587, duka da ɓoye bayanai a kunne. Sunan sabar yana shafin taimako na kamfanin.

Da sabon asusun ya tsaya da ƙafarsa, sai ki buɗe tsohon .pst a gefe a matsayin fayil ɗin bayanai, ki riƙa jan foldoji daga cikinsa kina zubawa a na IMAP. Kafin ki fara, duba girman wurin da aka ba ki. Gmail na kyauta gigabait 15 ne, kuma Drive da hotuna suna ci daga ciki. Kamfanonin da ke sayar da adireshi da sunan mutum wasunsu abin da suke bayarwa bai kai haka ba. Idan tarin shekarunki ya fi wurin girma, ɗora na shekara biyu ko uku na baya-bayan nan, sauran su zauna a .pst a matsayin rumbu, kina buɗewa idan buƙata ta taso. Kada ki ja dubban saƙonni a tashi ɗaya. Folda-folda za ki bi, ki jira kowace ta gama hawa, ki leƙa ta burauza ki ga lallai ta isa. Idan kin gama da na tebur ki yi na laftof. Za ki ga wasu wasiƙun sun zo biyu-biyu. Ƙyale su. Saƙon da ya maimaitu ido kawai yake damu, kuma a garin share maimaici ne mutane ke share wanda ba shi da na biyu.

Abu biyu a nan da ake yawan mantawa. Tsohon asusun POP dole ya daina aiki a kan duka kwamfutocin, domin muddin ɗaya tana shiga da shi, za ta ci gaba da goge saƙonni daga sabar bayan kwanakinta sun cika, ke kuma ki rasa dalilin da ya sa wasiƙu ke ɓacewa. Na biyu, wannan aikin a tsohon Outlook za ki yi shi, wanda ke zuwa tare da Word da Excel. Sabon da Microsoft ta fito da shi bai iya mu'amala da .pst kamar na da ba, kuma yana bi da kwafin wasiƙun IMAP ta sabar Microsoft. Ga mai fassara takardun mutane, wannan abu ne da ya kamata ki sani kafin ki amince.

Wani zai ce miki ki huta da duk wannan, ki jefa .pst ɗin a Dropbox ko OneDrive, wuraren ajiyar fayil a intanet, kwamfutocin biyu su riƙa buɗe shi daga can. Ina roƙonki kada ki yi. Fayil ne guda ƙato, Outlook yana riƙe da shi yana rubutu a ciki duk lokacin da yake buɗe, manhajar daidaitawa kuma tana ƙoƙarin ɗora shi ana cikin rubutun. Ƙarshenta ko dai ki samu kwafi biyu masu saɓani, ko fayil ɗin ya lalace ya ƙi buɗuwa. Microsoft da kanta ta daɗe tana cewa ba a yi .pst don a buɗe shi ta hanyar sadarwa ba. Filashinki ne dai ya sake dawowa, sai dai wannan karon ba ke ce ke zaɓar wanda zai danne wani ba.

Sai kalanda, wadda ita ce ta jawo miki ɓacin ran da ya fi ciwo. Nan akwai tarko, kuma mutane da yawa da suka koma IMAP suna murna sun faɗa cikinsa. IMAP wasiƙu kaɗai yake ɗauka. Ba ruwansa da kalanda, ko lambobin mutane, ko bayanan da kike rubutawa. Idan kika kafa IMAP a Outlook, zai ba ki kalanda, amma ki dubi gefen sunanta da kyau: an rubuta da Turanci cewa ta wannan kwamfutar ce kaɗai. Tana zaune ne a wani fayil mai ƙarewa da .ost, wanda Outlook ke ɗauka a matsayin kwafin wucin gadi. Ranar da kika cire asusun, ko ya samu matsala aka sake kafa shi, wasiƙu za su dawo daga sabar, kalandar kuwa ta tafi ke nan. Wato kalanda ma tana buƙatar nata gidan a sabar.

Tun da hannunki ya saba da Outlook, ga abin da zan zaɓa miki: buɗe asusun Outlook.com na kyauta, ba don wasiƙa ba, don kalanda da lambobin mutane kawai. Asusun Microsoft yana magana da Outlook ta tsarin Exchange, wanda ke ɗaukar kalanda da lambobi da bayanai duka. Ki sa shi a kwamfutocin biyu kusa da na IMAP, ki mayar da shi babban wurin ajiya a saitin fayilolin bayanai, don duk ganawar da kika rubuta ko gayyatar da kika amsa ta faɗa cikin kalandarsa. Tsofaffin ranakun da ke cikin .pst kuma ki kwafe su zuwa can. Kalandar Google ma tana aiki lafiya idan kin yarda ki riƙa buɗe ta a burauza, amma tsohon Outlook ba ya iya rubutu a cikinta sai da ƙarin manhaja. Akwai kuma CalDAV, buɗaɗɗen tsarin daidaita kalanda da aka tabbatar a 2007. Thunderbird, manhajar imel ta kyauta, tana jin sa ba tare da an ƙara mata komai ba, kuma idan kamfanin imel ɗinki yana ba da shi, wasiƙa da kalanda za su zauna ƙarƙashin rufi ɗaya. Hanya ce mai kyau, amma sauya manhaja a makon da kike ƙaurar wasiƙu nauyi biyu ne, ban ga dalilin ɗaukarsu tare ba.

Ki kiyaye da fayil ɗin .ics. Idan aka fitar da kalanda a wannan sigar aka shigar da ita wani wuri, hoton ranar da aka fitar ne kawai. Abin da kika ƙara gobe ba zai bi ta ba. Yana da amfani wajen ƙaura sau ɗaya, ba wajen zaman yau da kullum ba. Sannan ki duba yankin lokaci a kan kwamfutocin biyu. Idan ɗaya tana kan agogon wata ƙasa, ganawar ƙarfe 10 za ta iya bayyana ƙarfe 9 ko 11 a ɗayar, ke kuma da ke hulɗa da mutanen nesa kin san abin da sa'a guda ke jawowa. Ki sa kalandar a wayarki ma. Kwamfuta a rufe ba ta tunatar da kowa, waya kuwa tana aljihu ko jaka.

Bayanan da kike rubuta wa kanki matsalarsu ta fi sauƙi. Ba ki faɗa mini inda kike rubuta su ba, amma na san yadda abin yake kasancewa: wasu a Word, wasu a 'yan takardun manne na fuskar kwamfuta, wasu a saƙon da kika aika wa kanki. Zaɓi wuri ɗaya. Da asusun Microsoft ɗin nan OneNote, manhajar rubuta bayanai, zai daidaita kansa tsakanin kwamfutocin, 'yan takardun manne na Windows ma haka idan kin shiga da shi. Idan bayanan sun ƙunshi sirrin masu ba ki aiki, manhajar bayanai ta Joplin kyauta ce kuma tana iya kulle rubutu tun daga kwamfutarki, ta yadda mai sabar ma ba zai iya karantawa ba. Sharaɗin shi ne kada kalmar sirrin kullewar ta ɓace miki. Ko wacce kika ɗauka, ɗabi'a guda za ki koya: idan kin yi rubutu a laftof babu intanet, bar ta ta haɗu ta ɗora kafin ki taɓa wannan bayanin a ta tebur. In ba haka ba manhajar za ta ajiye siga biyu ta bar miki alƙalanci.

Akwai abin da nake so ki riƙe fiye da lambobin ƙofa da sunayen manhajoji, domin shi ne sabon haɗarin da za ki shiga. Daidaitawa ba ajiyar ko-ta-kwana ba ce. A da, idan kin goge saƙo a laftof bisa kuskure, wataƙila yana nan a ta tebur. Daga yanzu abin da kika goge a ɗaya ya gogu a ko'ina cikin daƙiƙoƙi, kwandon shara kuma ba ya riƙewa har abada. Na Gmail kwana 30 ne. Saboda haka sau ɗaya a wata ki fitar da kwafin wasiƙu da kalanda zuwa faifan waje, kowane kwafi da kwanan watansa a cikin sunan, kada ki taɓa ɗora sabo a kan tsoho. Ga aikin da ya dace da filashinki ke nan: ya karɓa ya ajiye, ba ya yi ta kai-kawo ba.

Kuma tun da komai zai koma bayan kalmar sirri guda, kunna tabbatarwa mai mataki biyu, wato neman ƙarin shaida bayan kalmar sirri, a asusun imel da na Microsoft, ki rubuta lambobin ceto a takarda ki adana. Laftof ɗin da ke fita ita ce za a iya mantawa a mota ko a ɗauke, ki sa mata kalmar sirrin shiga, ki kunna ɓoye faifai idan Windows ɗinki tana da shi. Idan wata rana ɗaya daga cikin kwamfutocin ta zama ta wurin aiki ce ba taki ba, kada ki zuba asusunki a cikin Outlook ɗinta. Burauza ta wadatar, kina gamawa ki fita.

Mutumin da ya jira ki, idan ba ki riga kin yi ba, kira shi yau, kada ki tsaya ga rubutu. Ki ba shi haƙuri kai tsaye, ki ce kuskuren daga wajenki ne, kin kuma gano inda ya fito kin toshe. Labarin .pst da filashi ba sai ya ji ba, dogon bayani a irin wannan wuri kama da neman uzuri yake yi. Ki ba shi lokuta biyu ya zaɓa. Maigida kuma ki kira shi ya zauna kusa da ke ranar ƙaurar, ya riƙe laftof ke kina kan ta tebur. Aika wa kanki saƙo daga wannan, ya gaya miki ko ya gan shi a foldar aikakku a can. Rubuta ganawar gwaji, ki canza mata lokaci, ki goge ta, yana duba kowane mataki a gabansa. Ki yi haka da bayani guda a OneNote. Sai duka ukun sun bi ki daga wannan kwamfuta zuwa waccan, sannan ki rubuta sabuwar ranar ganawarku a ciki.